Katin da maƙwabciya ta ba ki ba naki ba ne tukuna

Wata baiwar Allah daga wani ƙauye kusa da Tawa ta sa ƙanenta ya rubuto mini tambayarta. Shekarunta 29, haihuwarta huɗu, na goye yana da wata huɗu, kuma al'ada ta komo mata a watan jiya. Maigidanta yana Abijan wajen ci-rani tun tana da tsohon ciki, ya ce zai iso gida nan da mako uku, ya yi azumi da Salla sannan ya koma. Maƙwabciyarta ta ba ta katin ƙwayoyin tazarar haihuwa, 21 masu haske da 7 masu launin ƙasa, ta ce ta riƙa haɗiye ɗaya duk daren da maigida ya kwana ɗakinta. Tana tsoron kada nono ya ƙafe, tana kuma tsoron abin da mata ke faɗa, wai ƙwayoyin suna taruwa a mahaifa su hana haihuwa gaba ɗaya. Ta ƙara da cewa takan yi ciwon kai.

Ƙanwata, Allah ya raya miki yaron. Ki ajiye wannan katin tukuna, kada ki ɓalli ko ɗaya. Maƙwabciyarki da kyakkyawar niyya ta ba ki, amma ta yi kuskure biyu: irin ƙwayar da ta ba ki ba ta dace da mai goyon wata huɗu ba, kuma yadda ta ce ki sha ta, babu macen da zai kare daga ɗaukar ciki. Ni ungozoma ce, sajfam kamar yadda ake kiranmu a nan, na daɗe ina wannan aiki, kuma waɗannan kurakurai biyu su ne na fi gani a ɗakin tsarin iyali.

Mata sukan ce "ƙwaya" kamar abu ɗaya ne. Iri uku ne, kowane da aikinsa da dokarsa.

Wadda ke hannunki ita ce mai sinadari biyu. Jikin mace da kansa yana yin wasu sinadarai da ke tafiyar da al'ada da ciki, to an kwaikwayi biyu daga cikinsu, istirojin da furojastin, aka haɗa a ƙwaya ɗaya. Wadda aka fi sani a gidajen likitanmu ita ce Microgynon: kowace ƙwaya tana ɗauke da mikirogiram 30 na istirojin da 150 na wani furojastin da ake kira levonorgestrel. Babban aikinta hana kwan mace fita kowane wata. Idan ƙwai bai fito ba, maniyyi ba shi da abin da zai tarar. Waɗancan guda 7 masu launin ƙasa kuwa babu maganin hana ciki a cikinsu ko kaɗan, sinadarin ƙarfe ne na ƙarin jini, an sa su ne don kada hannu ya manta da shan ƙwaya kullum. A makon da ake shan su ne jini ke zuwa. Akwai katin da ke da 21 kawai, wanda in ya ƙare ake hutawa kwana 7 cif, a fara sabo rana ta takwas ko jinin ya ɗauke ko bai ɗauke ba.

Istirojin ɗin nan shi ne damuwarmu da mai shayarwa. Yana iya rage ruwan nono, musamman a watannin farko da yaro ba ya da wani abinci sai shi. Don haka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke aiki da ita, ta ce mai shayarwa kada ta taɓa wannan ƙwaya kafin mako 6 da haihuwa, a guje mata ita daga mako 6 zuwa wata 6, bayan wata 6 kuma tana iya sha idan babu wani dalilin hanawa. Ke saura wata biyu. Tsoronki na ƙafewar nono yana da tushe ke nan, amma ga wannan katin kaɗai.

Iri na biyu shi ne naki a yanzu: ƙwaya mai furojastin kaɗai, wadda mata ke kira ta masu goyo. Microlut ce aka fi bayarwa. Za ki gane ta da sauƙi, ƙwayoyi 35 ne a kati, duk launi ɗaya, kuma ba a hutu: yau kin sha ta ƙarshe, gobe kin ɓalli ta farko a sabon kati, ko kina al'ada ko ba kya yi. Ita aikinta ya fi ƙarfi a bakin mahaifa. Akwai wani yauƙi a wurin da maniyyi ke bi ya wuce, sai ta sa ya yi kauri ya toshe hanya, a wasu watannin kuma ta hana ƙwai fita. Ba ta rage nono, ba ta cutar da yaro, ana iya fara ta tun a makonnin farko na jego. A cikin mata 100 masu shayarwa da ke shan ta shekara guda, kamar ɗaya ce ke ɗaukar ciki.

Sai dai tana da tsanani wajen lokaci. Kaurin yauƙin nan ba ya daɗewa, kwana ɗaya da ƴan awoyi ne ya fara sakewa. Idan kin wuce lokacinki da fiye da awa 3, ki ɗauka kin yi fashi: ki sha nan take da kika tuna, ki ci gaba da sauran a kan lokacinsu, sannan kwana 2 ko dai ku haƙura ko a sa kwaroron roba. Tunda al'adarki ta komo, wannan doka ta hau kanki sosai. Akwai wata ƴar'uwarta mai desogestrel, irin Cerazette da ake saye a farmasi, wadda ke ɗaga ƙafa har awa 12, amma wannan da kuɗinki za ki saya.

Yanzu zancen shan ƙwaya daren da maigida ya zo kawai. Kwanakin baya wata mata ta kwance bakin zanenta a gabana ta fito da kati. Ramukan da ta ɓalla biyu-biyu suke, sai ta tsallake biyu, ta ɓalli biyu, kamar an yi shuka an bar gurbi. Na tambaye ta, ta ce ai su biyu ne wurin mijin, ranakun girkinta kawai take sha, don me za ta ɓata magani ranar da yake ɗakin abokiyar zamanta? Da hankali ta yi lissafinta, babu wanda ya taɓa zama ya bayyana mata. Muka yi gwaji, ciki wata biyu, ga yaro a baya bai fara tafiya ba. Abin da ba ta sani ba shi ne ƙwayar ba ta kashe maniyyin daren nan. Kwan mace take riƙewa, kuma riƙon yana bukatar maganin ya zauna a jini kowace rana ba yankewa. Mai sinadari biyu sai ta yi kwana 7 a jere kafin ta kama aiki. Maniyyi kuma yana iya rayuwa a jikin mace har kwana 5, yana jiran ƙwai. Wanda aka bari daren Litinin yana nan ranar Alhamis da kika daina sha. Shi ya sa alkaluman suka rabu biyu: masu sha kullum ba fashi, ko ɗaya cikin 100 ba ta cika ɗaukar ciki a shekara ba, amma idan aka haɗa da masu mantuwa da masu tsallake, sai ya kai kamar 7 cikin 100. Maganin ɗaya ne, hannun da ke ɓallarsa ne ya bambanta.

Kada kuma ki dogara da shayarwa. Gaskiya ne nono yana hana ciki, har kashi 98 cikin 100, amma da sharaɗi uku a haɗe: yaro bai kai wata 6 ba, nono kaɗai yake sha dare da rana, al'ada ba ta komo ba. Naki na ukun ya riga ya warware. Ko da bai warware ba, a zafin Adar iyaye da yawa suna fara ɗura wa jariri ruwa da kunu tun da wuri, tsotso ya ragu, kariyar ta tafi ba wanda ya lura. Haka kwanika ke shigowa. Shawarar likitoci ita ce a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani ciki, wanda ya zo daidai da shekaru biyu na shayarwa da aka ambata a aya ta 233 ta Suratul Baƙara.

Sa'arki ɗaya, kina da mako uku, kuma tunda maigida ba ya gari tun kafin ki haihu, babu shakkar ciki. Ki fara yanzu, kada ki jira sai ya sauka daga mota. Kwana 2 ya ishi Microlut ta kama, sauran kwanakin kuma hannunki ya saba. Tunda azumi na tafe, ki zaɓi lokacin dare tun daga farko, ki ɗaura shi a kan abin da ba kya fashinsa. Ni nakan ce wa mata bayan sallar isha'i, kafin a naɗe tabarma. Wadda ta saba sha da safe kuma azumi ya same ta, ta matso da lokacin baya zuwa sahur. Gaggauta ƙwaya da ƴan awoyi ba ya ɓata komai, jinkirta ta ne ke buɗe ƙofa.

Ciwon kan da kika ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, shi ne abin da zan fi tsayawa a kai da kina zaune a gabana. Ciwon kai na rana da gajiya da rashin barcin mai goyo ba ya hana shan kowace ƙwaya. Amma akwai na ɓari ɗaya, mai sara, mai tayar da zuciya, wanda haske ke ƙara wa zafi. A cikin masu wannan, wasu sukan ga alama kafin ya sauko: walƙiya ko zane mai karkace-karkace a ido, ko wani gefen abin da suke kallo ya ɓace na ƴan mintoci, ko hannu da gefen baki su yi sanyi kamar ba nasu ba, ko magana ta sarƙe. Duk macen da ke ganin irin wannan, komai ƙuruciyarta, ba ta shan ƙwaya mai istirojin, ko bayan yaye, domin haɗuwar biyun tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ki zauna ki tuna yadda naki yake zuwa, ki faɗa wa ungozoma dalla-dalla.

Na biyu, awon jini. Ban yarda a miƙa wa mace kati mai sinadari biyu ba tare da an ɗaura mata abin awo a dantse ba, kuma wannan ne maƙwabciya ba za ta iya yi miki ba. Hawan jini ba ya sallama, mace tana daka tana ɗiban ruwa awon jininta ya kai 15 ko 16 ba ta sani ba. Daga 14 bisa 9, wato 140 bisa 90, mun fi son a canza mata wata hanya. Daga 16 bisa 10 babu ma zance. Idan an taɓa ce miki jininki ya hau lokacin ciki, ki faɗa. Haka wadda ta kai shekara 35 tana shan sigari, da wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiyar ƙafa ko huhu, da mai ciwon zuciya, da mai ciwon hanta mai tsanani ko shawara a jiki, da wadda ciwon suga ya daɗe mata har ya taɓa ido ko ƙoda. Mafi yawan waɗannan suna iya shan mai furojastin kaɗai bayan an duba su. Mai kansar nono kuwa duka biyun ba nata ba ne. Masu amosanin jini sukan tambaye ni, su ba a hana su ba, amma mun fi karkata da su ga mai furojastin ko allura.

Kada wannan jeri ya firgita ki. Daskarewar jini abu ne mai wuyar faruwa: cikin mata 10,000 da ba sa shan komai, kamar 2 ne ke samun ta a shekara, masu shan irin Microgynon kuma 5 zuwa 7. Ciki da makonnin jego sun fi haka haɗari. Ƙwayar farko da aka amince da ita a Amurka a 1960, Enovid, tana da mikirogiram 150 na istirojin, ninki biyar na ta yau, kuma wani ɓangare na mummunan sunan da ƙwaya ta yi daga wancan zamani ya samo asali. Duk da haka, wadda ke sha ta ji ƙwabrinta ɗaya ya kumbura yana zafi, ko ƙirji ya riƙe numfashi na yankewa, ko ciwon kai irin wanda ba ta taɓa yi ba da dishin gani, ko idonta ya yi rawaya, ta daina ta nufi likita a ranar, ba gobe ba. Mai shan Microlut kuma da al'adarta ta yi jinkiri sannan mara ta murɗe ta da ciwo mai tsanani a gefe ɗaya, ita ma ta zo da gudu, domin in ciki ya kuɓuce a kan wannan ƙwaya, wani lokaci a wajen mahaifa yake zama.

Wasu magunguna suna sa hanta ta narkar da ƙwayar da sauri har ta rasa ƙarfi. Manyansu su ne rifampicine na tarin fuka da magungunan farfaɗiya irin phénobarbital, carbamazépine da phénytoïne. Mai shan waɗannan allura ko robar hana ciki da ake sawa a cikin mahaifa ta fi mata. Mai shan maganin ƙanjamau ta faɗi sunan nata a duba. Maganin zazzaɓin cizon sauro, da paracétamol, da amoxicilline ba sa taɓa ta. Abin lura shi ne amai: in kin yi amai cikin awa 2 da haɗiye ƙwaya, ki ɗauka ba ki sha ba, ki sha wata.

Saboda ranar da za ki koma kan mai sinadari biyu, in an auna ki an ga ta dace, ga dokar mantuwarta. Ita ta fi haƙuri. Fashin ƙwaya ɗaya ko biyu, ki sha ɗaya da zarar kin tuna, ki ci gaba, ko da ya zama biyu a rana ɗaya. Fashin uku ko fiye a jere, ki ci gaba da sha amma a kiyaye kwana 7. Idan fashin ukun ya faɗo a layi na uku na katin, ki ƙarasa masu hasken, ki zubar da masu launin ƙasa, ki shiga sabon kati kai tsaye. Mantuwar da ta fi kowace haifar da ciki ita ce jinkirin fara sabon kati, don an riga an yi kwana 7 babu magani a jini. Kati ya ƙare ranar Juma'a, mace ta ce sai ranar kasuwa za ta shigo gari ta karɓo. Ki riƙa karɓar sabo tun kina da saura.

Batun taruwa a mahaifa, ki kwantar da hankalinki. Ƙwayar ba ta ma bi ta mahaifa. Ciki take shiga kamar tuwo, ta narke, hanji ya tsotse ta zuwa jini, hanta ta sarrafa ta, ta fita ta fitsari da bayan gida. Da tana taruwa, ai da ba a ce a sha kullum ba, kuma da matar nan mai tsallake kwana biyu ba ta ɗauki ciki ba. Ranar da kika daina, jiki yana komawa yadda yake, har akwai masu ɗauka a watan farko. Allurar wata uku ce ke jinkirta komowar haihuwa da ƴan watanni, ita ma ba ta hanawa. Macen da ta daina ƙwaya ta shekara ba ciki, a nemi dalilin a wani wuri: shekaru, ko ciwon sanyi da ya toshe hanyar ƙwai, ko ɓangaren mijin. Mai sinadari biyu ma tana rage haɗarin kansar kwan mace da ta cikin mahaifa, tana rage ciwon mara da yawan zubar jini. A ɗaya gefen, akwai ɗan ƙarin haɗarin kansar nono lokacin da ake shan ta, wanda ke gushewa a hankali bayan an daina. Kuma babu ƙwayar da ke kare mutum daga ƙanjamau ko sauran cututtukan saduwa, wannan aikin kwaroron roba ne.

Abin da zai fi damun ki da Microlut shi ne rikicewar jini. Wata yakan zo mata ɗigo-ɗigo, wata ya ɗauke watanni, wata ya zo ba kan ƙa'ida ba. Ba cuta ba ce, jinin bai maƙale ko'ina ba, kuma yakan lafa bayan watannin farko. Na san a azumi wannan yana ɗaure wa mace kai game da salla da rama kwanaki. Hukuncin bambance haila da jinin da ba ita ba na malamai ne, ki tambaye su, amma kada ki yar da katin a kan ɗigon kwana biyu ba ki zo mun gani ba.

Iri na uku na gaggawa ne, irin NorLevo, ƙwaya ɗaya mai miligiram 1.5 na levonorgestrel. Ana shan ta bayan an riga an sadu ba kariya, ko an yi fashi mai yawa. Gwargwadon saurin sha gwargwadon aikinta, ta fi ƙarfi cikin kwana 3, bayan kwana 5 kuma ba ta da amfani. Akwai ellaOne da ke riƙe ƙarfinta har kwana 5 ɗin, amma mai shayarwa ta tambaya kafin ta sha. Jinkirta fitar ƙwai suke yi, ba sa zubar da cikin da ya riga ya shiga, ba sa kuma kare daren gobe. Wadda mijinta zai yi wata biyu a gida ba da wannan za ta rayu ba.

Tun 2006 kayan tsarin iyali kyauta ne a gidajen likitan gwamnati a Nijar, don haka babu dalilin sayen kati a tiren mai talla da ya wuni cikin rana a tasha. Zafi yana lalata maganin, kuma kin san yadda Tawa take a watan Afrilu da Mayu, sama da 40 a inuwa. Naki ma kada ki soke shi a jikin rufin kwano ko kusa da murhu. Ki sa shi cikin ƙaramin kwano mai murfi a ƙasan gado ko gefen randa inda ba ya jiƙewa, nesa da hannun yara, ki kuma duba ranar ƙarewarsa a gefen katin.

Ki tambayi kanki tsakani da Allah ko za ki iya riƙe awa ɗaya kowane dare, da goyo da girkin buɗa-baki da baƙin da za su cika gida in maigida ya sauka. In kin ga da wuya, babu abin kunya. Allurar wata uku, Depo-Provera ko Sayana Press, da ashanar da ake sawa a dantse ta shekara 3 ko 5, duk babu istirojin a cikinsu, duk sun dace da mai goyo, kuma allura ɗaya za ta rufe miki dukan zamansa har ya koma. Ki yi masa zancen ta waya tun yanzu, ki fara da lafiyar yaron da nononsa, maza sun fi saurare ta wannan ƙofa. Ranar awon yaro ki zo da karnensa, wato littafin awonsa, da naki na awon ciki in yana nan don mu ga yadda jininki ya kasance, ki kuma taho da katin maƙwabciyar mu duba shi tare.